Waiwaye: Yadda Auna Zafi Ya Zama Ginshiƙin Sanyaya Daskararrun Abubuwa da Hasken Leza

A shekarar 1929 ne masanin kimiyyar fiziya na ƙasar Jamus, Peter Pringsheim, ya kawo ra'ayin cewa haske, wanda kowa ya sani da ɗumama abin da ya sauka a kansa, zai iya sanyaya abu. Hujjarsa ita ce, idan ƙwayoyin zarra suka haɗiye haske mai ƙarancin ƙarfi, sannan suka fitar da wanda ya ɗan fi shi ƙarfi, to rarar da suka fitar daga zafin jikin abin suka ɗebo ta. Sergei Vavilov na Tarayyar Sobiyat ya musanta wannan batu, yana ganin ya saɓa wa dokokin zafi, har sai da Lev Landau ya nuna a 1946 cewa babu saɓani. A 1950 kuma Alfred Kastler na Faransa ya ba da shawarar a gwada da wasu sinadarai na musamman da aka cusa cikin daskararren abu.

Daga nan sai lamarin ya yi tsaiko na shekaru 45, kuma dalilai biyu ne suka haddasa hakan. Na farko shi ne tsabta, domin ɗan gurɓin ƙarfe kaɗan a cikin gilashi ya isa ya mayar da hasken zafi. Na biyu, wanda a ganina ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, shi ne awo. Ma'aunin zafi na waya da aka saba liƙawa a jikin abu ba ya amfani a nan, saboda yana shan hasken da abin ke fitarwa ya ɗumama, kuma wayarsa tana jawo zafi daga waje zuwa ga abin da ake son sanyayawa. Ke nan dole mai bincike ya san zafin abu ba tare da ya taɓa shi ba.

A 1995, Richard Epstein da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka suka yi amfani da hasken leza suka sanyaya gilashi mai ɗauke da sinadarin itabiyom, wani nau'in ƙarfe, da kimanin digiri 0.3 kacal. Sauyi ƙanƙane irin wannan yana da sauƙin musantawa, shi ya sa suka dogara da kyamarar da ke ganin zafi, da kuma wani siririn haske na biyu da ake ratsawa ta cikin gilashin, a duba ɓangaren da ya karkata, domin karkatar da sanyi ke jawowa kishiyar wadda zafi ke jawowa ce.

Sai dai kyamarar zafi tana rasa kaifinta idan sanyi ya yi tsanani. Saboda haka masu bincike a Jami'ar New Mexico, ƙarƙashin Mansoor Sheik-Bahae, suka koma karanta zafin daga hasken da abin yake fitarwa da kansa. Ana fara sa lu'ulu'un da za a yi gwaji da shi cikin na'urar sanyi da aka san zafinta, a adana siffar launukan haskensa a kowane mataki, daga baya a kwatanta da abin da aka gani lokacin gwaji. Da wannan dabara suka tabbatar da cewa sun sauke zafi zuwa kelbin 155 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga matuƙar sanyi) a 2010, da lu'ulu'un da aka haɗa a Jami'ar Pisa ta Italiya, sannan kelbin 91 a 2016, wato kusan digiri 182 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos.

Dabarar tana da inda take da rauni, tunda ba zafi kaɗai ke iya sauya launin haske ba. A 2013 wata tawaga a Jami'ar Fasaha ta Nanyang da ke Singafo ta sanar a mujallar Nature cewa ta rage zafin wasu ƙananan zirin sinadarin kadmiyom salfaid da kelbin 40, bisa sauyin launin haskensu. A 2019 wasu masana suka ƙalubalanci sakamakon a wannan mujalla, suna tambayar ko sauyin da aka gani sanyi ne ya haifar da shi, tawagar kuma ta mayar da martani tana kare awon nata.