Jirgin igiya mai aiki da batir: tambayoyin da ake yi mini a fili a Damagaram

Ranar Lahadi da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, nakan ɗaure ɗan jirgin samana na wasa a bayan babur in fita wani fili a bayan gari, nesa da filin jirgin sama, nesa kuma da turakun wuta. Da farfela ta fara kuka sai yara da samari su kewaye wurin. Yawancinsu kallo ya kawo su, amma akwai biyu da abin ya shiga ransu sosai: ɗaya mai gyaran salula ne, ɗaya ɗalibi ne mai koyon aikin lantarki. Tambayoyinsu na tattara a nan tare da amsoshin da nake ba su, don na san akwai irinsu a Maraɗi da Kano da sauran garuruwa.

Malam, ina rimot ɗin?

Babu rimot. Igiyoyin ƙarfe biyu ne, kowace kaurinta bai kai rabin milimita ba, sun taso daga mariƙin da ke hannuna sun shiga fiffiken hagu. A cikin jirgin an ɗaure su a wani ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a kan ƙusa, shi ke tura sandar da ke ɗaga jela ko ya sauke ta. In na ɗaga wuyan hannu jirgi ya hau, in na sunkuyar ya sauko. Ina tsakiya ina juyawa, shi yana kewaya ni. Wani Ba'amurke mai suna Jim Walker ne ya yaɗa wasan a wajen 1940 da jirginsa Fireball. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, tana kiran gasar alkafura da irin wannan jirgi F2B. Tsawon igiya daga mita 15 ne zuwa 21.5, kuma minti 7 ake ba mutum ya tashi, ya zana duk siffofinsa a sama, ya sauka.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga nan: hannuna ba shi da iko a kan inji. Da jirgi ya bar ƙasa ba na iya ƙara masa wuta ko in rage. Duk abin da injin zai yi a sama, a ƙasa aka gaya masa.

Me ya sa ka bar injin mai?

Saboda man. Ƙananan injunan nan ba fetur suke sha ba, metanol ne da aka haɗa da man zurma, kuma na sha wahalar nemansa. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Da faifan sola ɗaya da batirin mota mai volt 12 ina cajin batura huɗu ko da wuta ta ɗauke. Sannan injin mai yana canza hali da yanayi, allurar da ka saita da sanyin asuba ba za ta yi maka da hantsi ba, kuma maiƙon da yake fesawa yana haɗuwa da ƙurarmu ya zama laka a jikin fiffike. Na lantarki abin da ya yi jiya shi zai yi yau. Nauyinsa ma ba ya gusawa a sama, tunda babu tankin da ke ƙarewa.

Duk da haka ina kewar abu ɗaya. Injin mai da ya samu saiti yana gurnani a hankali idan jirgi na tafiya a kwance, da hanci ya kalli sama sai ya ɗauki kuka ya ƙara ƙarfi da kansa. Duk wahalar da masu lantarki suka sha, neman wannan hali suke yi.

Me da me ke cikin hancin jirgin?

Inji mara burushi, irin wanda gangar waje ce ke juyawa, mai wayoyi uku. Sai akwatin da ke sarrafa gudunsa, wanda ake sayarwa da sunan ESC. Sai batir mai caji irin wanda ake kira LiPo. Sai ɗan agogo, wanda ya maye gurbin rimot: ka danna maɓalli, ya jira sakan 20 ko 30 har ka taka zuwa mariƙi, ya tada inji, ya ƙirga lokacin da ka sa masa, ya ɗan girgiza gudu don ya gargaɗe ka, sannan ya kashe. Sanannu a cikinsu akwai Hubin FM-9 na Amurka, da KR wanda Keith Renecle na Afirka ta Kudu ya ƙera. Na biyun yana da gwamna a cikinsa, don haka yana aiki da ESC mai araha.

Wane ne kuma gwamna?

Irin wanda kuka sani a janareto ne: a kunna firiji ko a kashe, shi yana riƙe gudun inji wuri ɗaya. Ba tare da shi ba, jirgi zai tashi da zafi lokacin da batir ke cike da volt 4.2 a kowane ɗaki (wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa), ya riƙa sanyi yayin da batir ke sauka, ya ja da ƙyar a hawa, ya zubo da gudu a gangara. Gwamna yana ƙara wuta idan farfela ta ji nauyi, ya janye idan ta samu sauƙi. ESC irin na helikwafta, kamar na Castle Creations ko Jeti Spin, suna da shi.

Amma gwamna ba ya ba da abin da ba shi da shi, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. A jikin kowane inji akwai lambar KV, wato juyi nawa yake yi a minti a kan kowane volt. Ɗauki inji mai KV 900 da batir mai ɗaki huɗu, wanda ake rubuta wa 4S, volt 14.8 a matsakaicin caji. Ninka su, ka samu juyi 13,320. Wannan shi ne rufin ɗaki, kuma ba a son jirgi ya yi aiki kusa da rufi. Ana son gudun da za a tashi da shi ya zama wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wannan lamba, wato tsakanin 9,500 da 10,500. Ragowar ita ce ajiyar da gwamna ke ciro wa idan hanci ya kalli sama. Wanda ya nemi 12,500 daga wannan haɗi zai ji daɗi a minti na farko. A minti na biyar, daidai lokacin da ake yin takwas a bisa kai da siffar ganye huɗu, batir ya sauka, ajiya ta ƙare, igiya ta saki. Idan kuma ajiyar ta yi yawa ainun, ESC ne zai riƙa zafi.

Wani ƙaramin abu da ke ruɗa mutane: idan ESC naka irin wanda ake rubuta masa gudu da lamba ne, sai ka gaya masa yawan maganaɗisun da ke cikin gangar inji. Yawanci 14 ne, amma leƙa ka ƙirga. In ka ba shi lambar da ba ita ba, abin da ka rubuta daban, abin da farfela ke yi daban.

To, ta yaya zan san gudun ya yi daidai?

Da agogon salula a hannun abokinka. Ba lambar juyi ake nema ba, lokacin zagaye ake nema. Jirgi babba a kan igiya mai mita 19 zuwa 21 yana son ya kewaya sau ɗaya cikin sakan 5.0 zuwa 5.4. Da igiyar mita 20, zagaye ɗaya ya kai mita 126, in ya cinye shi a sakan 5.2 yana gudun kilomita 87 a awa ke nan. Abokinka ya zaɓi wata bishiya a matsayin alama, ya ƙirga zagaye biyar yana kwance a tsayin mita ɗaya da rabi, ya raba biyar.

Tashin farko kada ka sa wa ɗan agogo fiye da minti ɗaya da rabi. Idan wani abu ya ɓaci, minti biyar a tsakiyar da'ira da jirgin da ba ya jan igiya lokaci ne mai tsawo ƙwarai. Ka fara da ɗan sauri, kamar sakan 5.0, don igiya ta yi tauri, sannan ka riƙa ragewa da juyi 100 ko 200. A wajen 9,500, juyi 100 yana canza zagaye da kusan sakan 0.05, kuma hannu yana jin bambancin. Idan ka kai ƙarshen iyakar nan ta kashi 80 jirgi bai yi saurin da kake so ba, kada ka matsa wa gwamna, sa farfela mai murɗi mafi zurfi.

Ina da ɗan littafi irin na ƴan makaranta a cikin akwatin kayana. Kowane tashi layi ɗaya: farfela, juyi, sakan na zagaye, minti, abin da batir ya sha, da yadda iska take. Kuma abu ɗaya kawai nake canzawa tsakanin tashi da tashi. Ɗalibin nan ya taɓa canza farfela da juyi da wurin batir lokaci guda, jirgin ya gyaru, amma har yau bai san wanne ya gyara shi ba.

Wane girman batir zan saya?

Ƙiyasin da masu harkar ke bi shi ne, cikakken tashi na minti biyar da rabi yana cin wajen Wh 2 zuwa 2.5 (ma'aunin wutar da aka sha) a kan kowane giram 100 na nauyin jirgi. Jirgi mai giram 1,300 zai ci wajen Wh 30, wato kimanin mAh 2,000 daga 4S (mAh ita ce lambar girman batir da ke jikinsa). Ba a shanye LiPo fiye da kashi 80, don haka mai mAh 2,600 ya dace. Manyan jirage sukan koma 5S ko 6S. Caja ce za ta gaya maka gaskiya: duba abin da ta mayar bayan kowane tashi. In ya wuce 2,080 a batirin 2,600, rage lokaci ko ka rage faɗin farfela. Kada kuma ka sayi wanda ya fi ƙarfin buƙata, batir shi ne abu mafi nauyi a jirgin. Amfanin nauyin nan ɗaya ne: kana iya matsar da shi gaba ko baya da ƴan milimita don daidaita ma'aunin jirgi ba tare da ƙara darma ba.

Zafin garinmu ba zai kashe kayan ba?

Zai kashe su idan aka yi sakaci. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 sauƙi da kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka fiffike da farfela ba sa samun abin kamawa kamar yadda suka saba. Jirgin da ke juya kusurwa tsaf a watan Janairu sai ka ga yana nutsewa a ƙasan siffar murabba'i da yake zanawa a sama a bazara. Nakan ƙara juyi kaɗan in rage zagaye da kamar sakan 0.1. Saitin da ka karanta na mutanen Turai mafari ne kawai.

Da ka sauka, ɗora yatsa a gangar inji. In ba ka iya riƙewa ka ƙirga biyar ba, ya yi zafi da yawa. Batir kuwa kada ya kai digiri 60. Iska ta shiga ta gaba, ta bi kan inji da ESC da batir, kuma ƙofar fitarta ta fi ta shiga girma, in ba haka ba tsayawa za ta yi a ciki.

Na rasa batir biyu a rana ɗaya. Na bar su cike da caji a cikin baƙar jaka a kan kujerar babur, na tsaya gaisuwa da hira har azahar ta gabato. Da na buɗe jakar sun kumbura kamar fanke, ledar jikinsu ta yi tauri tana sheƙi. Abin ya yi mini ciwo, don wata biyu na jira kafin su iso. Batirin da ya kumbura ba a huda shi, ba a sake cajinsa. Yanzu a inuwa nake ajiye su, a volt 3.8 kowane ɗaki idan ba za a tashi ba, kuma a cikin tukunyar ƙasa nake caji, a kan siminti, da bokitin yashi a kusa, ina zaune a wurin.

Ƙura ma tana da nata. Yashinmu yana da baƙin garin ƙarfe, maganaɗisun inji kuwa tsince shi suke yi. Bayan sati biyu na hunturu, juya farfela da hannu za ka ji ƙaras-ƙaras. Nakan share wurin tashi in shimfiɗa tsohuwar tabarma, in kunna birkin ESC don farfela ta tsaya cak kafin sauka, in hure injin da famfon taya idan na koma gida.

Na ga farfelarka tana juyawa baibai.

Da gangan ne. Musanya kowace biyu daga cikin wayoyi ukun, inji ya juya baya, sai a sa masa farfelar da aka yi don haka, kamar APC 12x6EP. Gefen ruwanta mai tudu shi ke kallon gaba. Tana karkatar da jirgi waje a lokacin tashi, tana kuma ƙara jan igiya a kusurwoyin da ake juyawa da hanci ƙasa, a can ƙololuwa inda igiya ta fi saki. Ba kowa ya yarda da ita ba, don abin da ta ba ka a wani juyi tana ragewa a kishiyarsa. Ni na fi samun natsuwa da ita a iskar hunturu.

Agogon nan mai ƙara wuta da kansa fa?

Shi ne ya dawo da halin injin mai da na ambata. Yana da na'urar jin motsi, ya ƙara juyi a hawa, ya rage a gangara. Igor Burger na ƙasar Sulobakiya ya ƙera sanannen irinsa, kuma ya zama zakaran duniya na F2B a 2012 da 2014 da jirgi mai batir. Amma ƙanena, kada ka fara da shi. Yana buƙatar a kafa shi daidai a jikin jirgi, kuma idan jirgin kansa bai daidaitu ba, ba za ka gane laifin agogo ne ko na fiffike ba. Gudu ɗaya tsayayye ya ishe ka shekara guda.

Ina haɗarin yake?

Na farko wayar wuta. Igiyarka ƙarfe ce mai mita 20, ɗaya bakin yana hannunka. Ko kusa da turaku kada ka tashi, haka ma idan hadari ya haɗo. Na biyu farfela: injin lantarki ba ya mutuwa don ya sari yatsa, ƙara wuta yake yi, don haka ka saita ESC ya yanke idan farfela ta daki wani abu. Na uku yara, a ja layi a ƙasa nesa da da'ira, a sa babba ya tsare shi. Kuma a halin da ƙasa ke ciki, duk abin da ke tashi sama yana jawo tambaya. Ka je ka gaida mai unguwa da jami'an tsaron yankin, ka nuna musu igiyar su taɓa da hannunsu kafin ka fara.

Kafin tashin farko na kowace rana nakan sa a riƙe jirgi in ja igiyoyin da ƙarfi. A gasa ana gwada su da nauyin jirgi sau goma. Sai in zura madaurin mariƙi a wuyan hannu, a jona batir a ƙarshe. Idan jirgi ya sauka, mai riƙe mini shi yana cire wayar batir kafin kowa ya matso.