Za mu je kallon tseren Le Mans mu da yawa, a ina za mu kwana?

Wai ba yini ɗaya ake yi ba ne, me ya kawo maganar kwana?

Ina fa. Tseren motocin Le Mans a Faransa awa 24 ne cur, a tashi ƙarfe 4 na yamma ranar Asabar sai 4 na yamman Lahadi, a watan Yuni, kuma tun 1923 ake yin sa. Kafin nan ma akwai gwaji ranar Laraba da Alhamis, Juma'a direbobi su yi fareti a cikin gari. A 2023 da aka cika shekara 100 mutum 325,000 ne suka je, alhali mutanen garin ba su kai 150,000 ba, toh ka ga gado ai sai mai rabo.

Otal ya fi ko tanti?

In akwai dattijo ko ƙananan yara a cikinku ku yi karo-karo ku kama gida a cikin gari, tiram, wato ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, na tashi daga tashar jirgin ƙasa har tashar Antarès kusa da filin tseren, shi kenan. Wasu ma a Faris suke kwana tunda kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa mai sauri na TGV, amma ni dai ban ga amfanin haka ba, don daɗin Le Mans da dare yake, lokacin da birkin motoci ke yin jawur cikin duhu, kai kuma kana can kana neman jirgin komawa. In duk matasa ne ku, tanti kawai.

To wane filin kafa tanti za mu zaɓa?

Nan ne ake rigima. Titin tseren ya fi kilomita 13, saboda haka cewa kawai "muna cikin filin" ba ta nufin kuna kusa da komai. Filayen tanti na Tertre Rouge da Maison Blanche a bakin titin tseren suke, ka fito daga tanti ka ga mota na wucewa, amma barci kam sai dai ka toshe kunne. Houx ya fi natsuwa kuma akwai wutar lantarki, shi ya sa yake ƙarewa da wuri. Houx Annexe kuma, suna ne kawai ya zo ɗaya, can kiɗa da shaye-shaye ne har asuba. Beauséjour shi ne babba, an fi samun wuri, sai dai akwai tafiyar ƙafa sosai kafin ka kai inda motoci ke tsayawa canjin taya. Arnage da Mulsanne can ƙarshen duniya suke, sai da bas. Kafin a biya ko sisi ku tambayi wanda ya fi kowa rashin jure hayaniya a cikinku, don shi ne zai fara ɓata fuska ranar Asabar da dare ya ɓata wa kowa tafiyar.

Ya za a yi tantunanmu su zo wuri ɗaya?

Mutum ɗaya ya karɓi kuɗin kowa ya saya a lokaci guda daga ACO, ƙungiyar da ke shirya tseren, kuma tun watanni kafin Yuni. Inda ba a sa wa fulotai lamba ba ku shiga a jere mota bayan mota, in ɗaya ya tsaya siyayya zai tarar wani ya kafa tanti a tsakaninku. Kuma tikitin fuloti daban, tikitin shiga kallo daban, kowa sai ya sayi nasa.

Salla da abinci fa?

A Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai wajen 10 na dare, Isha'i ta yi nisa, asuba kuma ta zo da wuri, ku ware gefe ɗaya na fulotin don shimfiɗa darduma ku zo da buta. Naman alade ya yi yawa a shagunan filin, gara ku sayo nama halal a cikin gari ku dafa da ƙaramin risho. Bargo da rigar ruwa ma kar a manta, a 2024 ruwan sama ya sa motocin suka yi ta bin bayan motar tsaro mai rage musu gudu sama da awa 4 cikin dare, 'yan kallo na ta rawar ɗari.