Wai duk mai Daura a sunansa ɗan uwan Buhari ne?

A watan Agustan 2018 da Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sallami Lawal Daura daga shugabancin hukumar tsaro ta farin kaya DSS bayan jami'an hukumar sun tare ƙofar majalisar tarayya, mutane da yawa musamman ƴan kudu sun ɗauka ƙanin Mamman Daura ne, alhali gari kawai suka haɗa. Mamman ɗin ne ɗan yayan Buhari, shi kuma Buharin ko Daura babu a sunansa, mahaifinsa Hardo Adamu ne.

Asalin abin kuwa mu can da ba mu da wani sunan zuri'a da ake gada kamar na Turawa, sunan yanka ne sai a ce ɗan wane, ko laƙabi, ko sana'ar gidanku. Da boko ya shigo aka fara kwaso yara daga garuruwa ana kai su makarantun midil da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, sai ka ga aji guda Muhammadu biyar Abubakar uku, to ya malami zai yi da rajista? Sai a liƙa wa kowa garinsu, ga kuma kunya, yaro ba zai so ana ƙwala kiran sunan babansa kullum da safe ba. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Malam Aminu Kano, har zuwa su Abubakar Rimi, wanda Rimin ƙauye ne a Sumaila. Ƴar'aduwa ma unguwa ce a cikin birnin Katsina, amma su kam gida ɗaya ne, Musa ministan harkokin Legas a jamhuriya ta farko da ƴaƴansa Shehu da Umaru.

Ƴan siyasa sun riƙe abin gam don yana da riba, Kwankwaso, Ganduje, Tambuwal, Wamakko, Bafarawa duk garuruwa ne, fosta na fita ƴan garin sun san nasu ne.

Yanzu kuma fom ne ya canja lissafi, NIN da BVN da fasfo kowanne sai ka cike gurbin sunan iyali, don haka sunan gari ya koma gado. Sheikh Abubakar Gumi daga Gummi ta Zamfara ya fito, ɗansa Dakta Ahmad yana Kaduna amma Gumi ake kiransa, kuma jikoki da yawa a irin waɗannan gidajen wallahi sai da sallah ko rasuwa suke taka garin da ke kan katinsu.