Hamayyar direbobin tseren mota a fina-finai: abin da ya faru da gaske da abin da aka ƙara

Fina-finan hamayyar tseren mota su ne waɗanda ake ɗauko labarin direbobi biyu, ko kamfanonin mota biyu, da suka yi takun saƙa a zahiri, a mayar da shi fim. Guda uku ne aka fi cece-kuce a kansu: Rush na 2013 a kan Niki Lauda da James Hunt, Ford v Ferrari na 2019 a kan tseren Le Mans na 1966, sai Senna na 2010 a kan Ayrton Senna da Alain Prost. Dukansu sun yi ƙoƙari matuƙa wajen motoci da ranaku da sakamakon tsere, har ƙarar inji ma ba su yi wasa da ita ba. Inda suke zamewa kusan wuri ɗaya ne, wato wajen zaman da ke tsakanin mutanen, saboda mai shirya fim yana son akta da bos, su kuwa waɗannan direbobi yawancinsu ba haka suka zauna ba.

Lauda da Hunt, kakar 1976

Lauda ɗan Ostiriya ne, yana tuƙa wa Ferrari, kuma shi ya ci kambun duniya na Formula 1, babbar gasar tseren mota, a 1975. Hunt Bature ne ɗan Ingila wanda ya samu kujera a ƙungiyar McLaren don kakar 1976 bayan Emerson Fittipaldi ya bar wajen, shi kuma ƙungiyarsa ta Hesketh kuɗi sun ƙare mata. Tsere 16 aka yi a wannan shekarar. Lauda ya cinye huɗu cikin shida na farko, kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Hunt ya ci na Sifaniya amma aka ƙwace saboda an auna motarsa aka ga ta wuce ƙa'ida da faɗin santimita 1.8 kacal, daga baya da suka ɗaukaka ƙara aka mayar masa.

Ranar 1 ga Agusta 1976 aka je Nürburgring a Jamus, tsohuwar hanya mai tsawon sama da kilomita 22 wadda ta ratsa cikin daji da tuddai, ta yadda in hatsari ya faru a can ciki kafin masu kashe gobara su iso an daɗe. Lauda ya nemi a fasa tseren, kuma fa ba don bai iya hanyar ba, shi ne ma wanda ya zagaye ta a ƙasa da minti 7 a 1975, amma direbobi suka kaɗa ƙuri'a aka ce a yi. A zagaye na biyu motarsa ta ƙwace kusa da kwanar Bergwerk, ta daki gefen hanya, ta dawo tsakiyar titi tana ci da wuta, wasu motocin suka zo suka ƙara dukanta. Hular kwanonsa ta fita. Direbobi huɗu ne suka tsaya suka shiga ceto, Arturo Merzario da Brett Lunger da Guy Edwards da Harald Ertl, kuma Merzario ne ya kutsa cikin wutar ya ɓalle masa bel. Fuskarsa da kansa sun ƙone, ya rasa mafi yawan kunnensa na dama, amma abin da ya kusa kashe shi hayaƙin da ya shaƙa ne wanda ya lalata masa huhu, har sai da aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana a asibiti.

Sati shida bayan nan mutumin nan ya shiga mota a Monza ta Italiya, ranar 12 ga Satumba, ciwon bai gama warkewa ba, ya zo na huɗu. Tsere biyu kawai ya rasa. A ƙarshe aka je Fuji a Japan ranar 24 ga Oktoba, Lauda na gaba da maki uku, ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan zagaye biyu ya shigo ya ajiye mota ya ce ransa ya fi kambu. Hunt ya sha wahala da tayoyi, ya tsaya aka canza, ya fito ya kutsa har ya ƙare na uku, bai ma san ya ci ba, ya sauko yana faɗa da mutanensa sai da aka nuna masa. Hunt ya ci kambu da maki 69, Lauda na da 68.

Duk wannan Ron Howard, daraktan Rush, ya sa shi a fim ɗin kusan yadda ya faru, kuma gaskiya a nan babu abin da za a ce masa sai sannu da aiki. Wajen asibiti inda ake zura wa Lauda bututu ana zuƙo dattin huhu yana da wuyar kallo, kuma haka ya kamata ya zama. Daniel Brühl da ya fito a Lauda ya zauna da shi, ya koyi irin lafazinsa da yadda yake yanke magana ba kwana-kwana, shi kansa Lauda yana raye lokacin kuma ya yaba fim ɗin. Aman da ake nuna Hunt yana yi kafin a tashi tsere ma gaskiya ne, haka rabuwarsa da matarsa Suzy Miller wadda ta koma ta auri jarumin fim Richard Burton a 1976.

To ina matsalar? Peter Morgan da ya rubuta labarin ya gina shi ne a kan cewa mutanen biyu sun tsani juna tun suna ƙananan direbobi, har aka nuna sun yi karo a Crystal Palace a gasar Formula 3 a 1970 suna zagin juna. Rigimar da aka san Hunt da ita a Crystal Palace a wannan shekarar da wani direba ne daban, Dave Morgan, wanda suka yi karo Hunt ya fito a fusace ya kai shi ƙasa. Lauda da Hunt kuwa abokai ne tun ba su da komai, sun yi zaman Landan tare, suna fita tare, kuma ko a 1976 da jaridu ke ta hura wuta ba su daina magana ba. Wajen nan da Hunt ya ja wani ɗan jarida ɗaki ya lakaɗa masa duka saboda ya yi wa Lauda tambayar rashin mutunci a kan fuskarsa da aurensa, shi ma ƙirƙira ce. Sannan an tsallake rigimar tseren Brands Hatch na Ingila, inda Hunt ya ci a gaban 'yan ƙasarsu bayan an sake tashin tseren, Ferrari suka kai ƙara, a watan Satumba aka ƙwace nasarar aka ba Lauda, alhali wannan ce ta fi kowace rigima ɗaga hankali tsakanin McLaren da Ferrari a shekarar, kuma ita ke nuna cewa asalin gabar tana tsakanin ƙungiyoyin ne da lauyoyinsu da masu hukunci.

Wannan ƙarin ba ƙaramin abu ba ne, don ya rage wa labarin nauyi. Zamanin nan mutuwa ba baƙuwa ba ce a Formula 1. Roger Williamson ya ƙone a Zandvoort a 1973, François Cevert ya mutu a Watkins Glen a shekarar, Peter Revson da Helmuth Koinigg a 1974, Mark Donohue a 1975. Direban da kake gogayya da shi a kwana kana gudun kilomita 250 a awa, ranka na hannunsa ne, in ya matse ka da inci ɗaya shi kenan, kuma in motarka ta kama wuta shi ne zai fara isowa kafin kowa. Shi ya sa abin da ke tsakaninsu ya fi kama da amana haɗe da kishi, kuma Hunt ɗin nan da kansa yana cikin waɗanda suka ciro Ronnie Peterson daga mota mai ci da wuta a Monza a 1978. Mutanen huɗu da suka ceci Lauda sun cancanci fiye da 'yan daƙiƙun da fim ɗin ya ba su, Guy Edwards har lambar jarumta aka ba shi a Ingila saboda wannan rana. Haka kuma an matse Lauda ya zama mutum mai lissafi kawai marar fara'a, Hunt ya zama ɗan shagali kawai, alhali ba a cin tsere shida a kaka ɗaya da shagali, kuma Lauda mutum ne mai barkwanci sosai.

Lauda ya sake cin kambu a 1977 da 1984, na ƙarshen da rabin maki a kan Prost, ya rasu ranar 20 ga Mayu 2019. Hunt ya ajiye tuƙi a 1979 ya koma sharhin tsere a BBC tare da Murray Walker, zuciya ta buga masa ya rasu a 1993 yana da shekara 45.

Ford da Ferrari a Le Mans

Nan hamayyar ta kamfanoni ce. A 1963 Ford ya nemi sayen Ferrari, ciniki ya kusa faɗawa sai Enzo Ferrari ya janye saboda ba zai yarda a karɓe masa iko da sashen tsere ba, Henry Ford II ya fusata ya sa a ƙera motar da za ta kayar da Ferrari a Le Mans, tseren awa 24 da ake yi a Faransa wanda Ferrari ya riƙe daga 1960 zuwa 1965. Motar GT40 ta Ford ta sha kunya a 1964 da 1965, sai a 1966 ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku. Direban Ford Ken Miles ne ke gaba, aka ce ya rage gudu don motocin Ford su tsallake layi tare a ɗauki hoto, sai nasarar ta tafi ga Bruce McLaren da Chris Amon, dalilin da aka bayar shi ne motarsu ta tashi daga baya don haka ta fi cin tazara. Miles ya riga ya ci manyan tseren Daytona da Sebring na Amurka a shekarar, da ya haɗa uku. Wata biyu bayan nan, 17 ga Agusta 1966, ya mutu yana gwajin sabuwar motar Ford a Riverside.

James Mangold, daraktan Ford v Ferrari, ya riƙe wannan ƙashin bayan labarin, kuma fim ɗin ya ci Oscar biyu a kan tace hoto da tace sauti. Amma an nuna an bar Miles a gida a 1965 yana jin tseren a rediyo, alhali ya je Le Mans a shekarar, ya tuƙa tare da Bruce McLaren, giyar motar ce ta lalace musu. An nuna Enzo Ferrari a filin 1966 yana ɗaga wa Miles hula, shi kuwa bai je ba. An sa kamar Fiat ta shigo nan take bayan cinikin Ford ya rushe, amma sai 1969 Fiat ta sayi rabin Ferrari. Wanda ya fi cutuwa shi ne Leo Beebe, jami'in Ford mai kula da tseren, wanda aka mayar da shi mugun fim ɗin gaba ɗaya, eh yana da hannu a shawarar tsallake layi tare, amma mutanen da suka yi aiki da shi sun fito sun ce ba haka halinsa yake ba, kuma ya riga ya rasu ba zai iya kare kansa ba. Ga kuma ɗaruruwan injiniyoyi da makanikai a Ingila da Amurka da suka gina motar, fim ɗin ya bar su kamar Carroll Shelby, shugaban ƙungiyar da Miles ke tuƙa wa, da Miles ne kaɗai suka yi aikin a gareji.

Senna da Prost

Wannan ya fi ba da mamaki saboda ba wasan kwaikwayo ba ne. Asif Kapadia ya haɗa shi ne da tsofaffin hotunan bidiyo na gaske, babu jarumi ko ɗaya, amma duk da haka shi ne aka fi zargi da ɗaukar ɓangare, don abin da ka zaɓa ka nuna da wanda ka yanke shi ma hukunci ne.

Gabar nan kam ta gaske ce, ba irin ta Hunt da Lauda ba. Sun haɗu a McLaren a 1988, motarsu ta ci tsere 15 cikin 16, daga nan zama ya lalace har suka daina magana. A Suzuka ta Japan a 1989 suka yi karo, Senna ya ci gaba ya ci tseren aka kore shi, kambu ya tafi ga Prost, kuma shugaban hukumar tseren na lokacin Jean-Marie Balestre Bafaranshe ne kamar Prost, abin da ya sa Senna ya yi imani an haɗa masa kai. A 1990 a wannan fili dai Senna ya daki motar Prost a kwanar farko, duka suka fita, ya ci kambu, bayan shekara guda ya amsa cewa da gangan ya ƙi ɗaga ƙafa. Fim ɗin ya tsaya sosai a kan zaluncin 1989, ya bi ta kan na 1990 da sassauci, alhali dukan mota da gangan a irin wannan gudu zai iya kashe mutum, kuma ya bar mai kallo da tunanin Prost ɗan siyasa ne kawai, mutumin da ya ci kambun duniya sau huɗu da tsere 51.

Prost ya fito ya ce bai ji daɗin fim ɗin ba, kuma babban ƙorafinsa a kan watannin ƙarshe ne. A Adelaide a 1993, tserensa na ƙarshe, Senna ya jawo shi saman dandamali suka tsaya tare, bayan nan Senna ya riƙa kiransa a waya suna hira a kan tsaron direbobi da matsalolin motar Williams da ya gada daga hannunsa. A ƙarshen makon tseren Imola a Italiya, inda direba Roland Ratzenberger ya mutu ranar Asabar shi kuma Senna ranar Lahadi 1 ga Mayu 1994, Senna ya gaida Prost ta rediyon mota a wani zagaye da aka ɗauka don talabijin na Faransa. Fim ɗin ya nuna Prost cikin masu ɗaukar akwatin gawar a São Paulo, ya kuma rubuta a ƙarshe cewa yana cikin amintattun gidauniyar Senna, amma bai ba sulhun nan wurin da zai sa mai kallo ya gane yadda aka yi mutumin da aka kwashe awa guda ana nuna shi a matsayin maƙiyi ya zo yana ɗauke da gawar ba.