Ba waya ce ta cinye kasuwar dillalan mota ba

An daɗe ana cewa a Katsina wai tun da aka fara tallar mota a Facebook da WhatsApp aikin dillali ya ƙare. Maganar tana damuna, don ta sa matasa suna gudun wayar da za ta taimake su.

Na'ura tana rage ma'aikata, amma galibi masu cike takardu da lissafi. Ko kamfanin Carvana na Amurka, mai sayar da mota ta intanet, da ya sallami mutum 2,500 a Mayun 2022, raguwar ciniki ce ta tilasta masa.

A nan gida kuwa, a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. A 2023 aka cire tallafin mai, dala ta yi tashin gwauron zabo, kuɗin kwastan ya bi ta. Masu saye suka janye.

Wanda ya zo saye kuma, har yau sai ya zo da bakanikensa ya buɗe bonet, ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ji ko an yi mata ciko. Sannan dillali ya sa albarka.