Wai su wane ne 'yan nanaye?

Kwanakin nan duk rediyon da ka murɗa a Gusau sai ka ji kalmar. Ɗan siyasa zai kushe abokin hamayyarsa, ya ce taronsa na 'yan nanaye ne. Mai wa'azi kuma ya tattara mawaƙin fim da mai kiɗan DJ da yarinyar TikTok da 'yan gala ya ɗaure su da igiya ɗaya.

Asalin kalmar na 'yan mata ne. Amshi ne a waƙoƙin gaɗa: "ayye yaraye nanaye". Da dare, in akwai farin wata, 'yan mata su yi da'ira a dandali suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta ba da waƙa, ta faɗo da baya sauran su cafe ta. Babu kalangu, babu liƙi, ba wanda ya biya su ko kwabo. A nan yarinya ke yi wa kishiyar da ba a yi mata ba tukuna habaici, ta koka da auren tsoho, ta yabi saurayinta ba tare da ta kama sunansa ba. Kakannin masu zagin nan duk sun yi ta.

Da finafinan Hausa suka bunƙasa bayan 1990, aka riƙa haɗa waƙa da fiyano a situdiyo, mace da namiji suna rawa irin ta Indiya, sai aka laƙaba wa salon wannan suna. Laƙabin da gangan ne: ana nufin ƙato da gemunsa ya koma wasan 'yan mata. Aka haɗa da tsohon rainin da ake yi wa maroƙa, wanda har gobe ke hana wasu gidaje ba makaɗi aure.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake zaɓen wanda za a jefa da kalmar. Samarin Zuru su cashe a bikin Uhola, a ce al'ada. 'Yan rawa su yi wasa gaban manyan baƙi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta karrama a 2016, a yi ta tafi. 'Yar mai kuɗi ta taka a ɗakin taro ana zuba mata sababbin kuɗi, wannan shagalin biki ne. 'Yar talaka ta yi irin takun a waya, ita ce 'yar nanaye.

Shi kuwa ɗan siyasar, da kamfe ya ƙarato 'yan nanayen zai fara aika wa mota.