Waiwaye: wa ya saka Osimhen a PES ɗin da aka daina yi tun 2013?

Ranar kasuwar garinmu da ta wuce ina zaune a rumfar mai cajin waya ina jiran tawa ta ɗan sha wuta, sai ga wasu yara biyu a kan benci sun haɗa kai kan wata Itel mai fasasshen sikirin suna buga ƙwallo. Na leƙa sai na ga Osimhen da rigar Galatasaray. Na ce kai wannan wane PES ne haka, wato gem ɗin ƙwallon nan na Konami? Ɗayan ko ɗago kai bai yi ba ya ce "Yaya ai sabon ne, jiya aka turo min ta Xender."

Toh ba sabo ba ne. Wancan gem ɗin na PSP ne, ƙaramar na'urar gem ta hannu ta Sony, ake kunna shi a waya da manhajar PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012 kyauta. Kuma PES na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP shi ne PES 2014, lokacin Osimhen ko gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2015 bai je ba. Kenan duk sabuwar riga da sabuwar fuska da sabon tiransifa da kake gani a ciki, wasu mutane ne can da ba ma'aikatan Konami ba suka zauna suka kwance tsohon gem ɗin suka sake masa kaya, kamar yadda bakanike ke yi wa tsohuwar Jincheng. Shi ake cewa mod. Shi ya sa idan aka turo maka sai ka ga kashi uku ne, ga gem ɗin kansa, ga fayil ɗin sebin mai ɗauke da sunayen 'yan wasa, ga na hotunan riguna da fili, sai ka buɗe da ZArchiver ka zuba kowanne a mazauninsa, idan ka kuskure ɗaya ka ga 'yan wasa da tsohuwar riga ko sikirin ya yi baƙi ƙirin.

Abun ya samo asali da nisa. A 1993 kamfanin id Software na Amurka ya fitar da gem ɗin harbi mai suna Doom. Kafin nan sun lura mutane na ta kwakkwance wanda suka yi a baya, Wolfenstein 3D, suna canza masa hotuna da ƙyar. Maimakon su hana, sai babban mai rubuta musu manhaja John Carmack ya ware injin gem ɗin daban, taswira da hotuna da sauti kuma ya zuba su a wani fayil daban da ake kira WAD, duk mai so ya yi nasa ya ɗora. Ai kuwa kamar jira ake. Dubban filaye mutane suka ƙirƙira suna rabawa, wasu ma daga nan kamfanoni suka ɗauke su aiki.

Daga nan ne abun ya fi ƙarfin wasa. A 1999 wasu samari biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ɗauki gem ɗin harbi na Half-Life suka mayar da shi faɗa tsakanin ƙungiya biyu suka sa masa suna Counter-Strike, shekara na zagayowa kamfanin Valve mai Half-Life ya saye shi ya ɗauke su aiki. A 2003 DotA ta fito, ita ma taswira ce kawai da wani ya yi a cikin gem ɗin Warcraft III, amma gasar magajiyarta Dota 2 ta 2021 kuɗin da aka raba ya haura dala miliyan 40. Wanda ya fi shafar mu shi ne na Brendan Greene, ɗan ƙasar Ailan. A 2013 ya yi mod a kan gem ɗin yaƙi na Arma 2 inda za a watsa mutane a fili ɗaya kowa ya nemi makami, fili na ta tsukewa har a bar mutum ɗaya. Wannan dabarar ce ta zama PUBG a 2017, kuma a kanta Free Fire ta hau, wadda yaranmu ke ƙona data a kanta har asuba.

Amma ni ɓangaren ƙwallo ya fi taɓa ni, don shi muka gani da idonmu. Wanda ya yi zamanin gidan gem na PS2 zai tuna Konami ba ta da lasisin yawancin kulob ɗin Ingila, don haka babu Manchester United sai Man Red, Arsenal ita ce North London, Chelsea kuma London FC. Mai gidan gem ɗin unguwarmu, da janaretonsa ƙarami da talabijin biyu a ɗakin ƙasa, idan yara sun watse da daddare sai ya zauna da pad yana gyara sunaye harafi ɗaya-ɗaya, yana kwaikwayon launin riga daga fostar da ke manne a bango, ya adana a memori mai 8MB da yake sakawa a aljihun gaba kamar laya. Ranar da memorin nan ya lalace wallahi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau. Mu dai a lokacin ba mu san aikin yana da suna ba. A Burazil ma daga irin wannan shagon abun ya tashi, wani mai gidan gem Allan Jefferson ya fara Bomba Patch wajen 2007, yana sabunta Winning Eleven na PS2, wato PES da wani suna, da kulob ɗin ƙasarsu, har ya zama gem ɗin da talakawan can suka fi sani.

Kamfanoni kuwa har yau ba su tsaya a magana ɗaya ba. Nintendo ta sa an sauke AM2R a 2016, gem ɗin da wani ya shafe shekaru yana yi don son Metroid, wani gem na Nintendo ɗin. Rockstar mai gem ɗin GTA ta toshe asusun masu FiveM, wani mod na GTA V, a 2015, a 2023 kuma ta dawo ta saye su. Valve ta gwada sayar da mod na gem ɗin Skyrim a 2015, mutane suka yi ca, ko sati ba a yi ba ta janye.

Abu ɗaya da ke ban haushi, a nan wajenmu da ka ce mod sai a ɗauka wannan na satar koyin ne, "mod apk" mai kuɗi ba iyaka, wanda rabinsu talla ne da bairos. Wannan ba gwaninta ba ce, cuta ce kawai. Mai gwaninta shi ne irin ɗan yayata da ke JSS 3, ba kwamfuta ba komai, da PixelLab a wayar babarsa yake zana riga a kan ma'aunin 512 da 512 ya ɗora a Dream League. Ya yi ta Kano Pillars kore da ruwan ɗorawa, sai abokansa suka ce ai sai ya yi ta ƙungiyar unguwa. Ya yi, har da sunan mai shayin bakin tasha a ƙirji a matsayin sifonsa. Da aka nuna wa mai shayin ya daɗe yana kallon wayar, ya ce a ƙara girman rubutun ba ya fita sosai, sannan ya haɗa masa shayi da biredi rabi.